Ɗakin Baya a Basawa

Tun ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo wa Albert a Jos, ya yi wa matarsa Winifred alkawari ɗaya. Shi zai riga su zuwa Zariya ya kama aiki a wata cibiyar binciken noma da ke Samaru, amma unguwar da za su zauna ita za ta zaɓa. Ita ce za ta riƙa kai yara makaranta, ita ce mai zuwa kasuwa, kuma ita ma ta samu gurbin aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Samaru, za ta fara a watan Satumba. Wata uku da tafiyarsa, damina ta yi tsakiya, ta bar 'ya'yansu Marvellous da Brian wajen mahaifiyarta ta hau motar safe ranar Jumma'a.

A Kwangila ta sauka wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Albert na jiranta a motar abokinsa Felix da ya aro, tare da wani siririn mutum mai tarin makullai a zobe ɗaya. Abin da ta fara lura da shi shi ne mijinta ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Ba ka cin abinci ne, Baban Marvellous?"

"Aiki ne kawai. Ga Success, dillalin gidaje ne a Sabon Gari. Babu lungun da bai sani ba."

Success ya rusuna yana dariya. "Madam, sannu da hanya. Gida huɗu na tanadar miki. Wanda ranki ya kwanta da shi, shi ke nan."

Bomo suka fara zuwa. Gidan dogon layin ɗakuna ne, ɗalibai sun cika shi, kiɗa na tashi daga taga uku a lokaci guda. Sashen da aka nuna mata yana can ƙarshe, jikin banɗakin da kowa ke shiga. Ba ta ko tsaya duba kicin ba.

Daga nan Success ya ce su wuce Jushi. Winifred ta tambaya ko babu wani a cikin Samaru, tunda nan ne wajen aikinsu su biyun.

"Akwai, Madam. Za mu biya a hanya."

Suka biya. Gida ne mai fenti ruwan ƙasa-ƙasa a wani layi mai tsabta bayan kasuwa, da bishiyar gwaiba ta leƙo ta saman katanga, ga makarantar firamare ana hango ƙofarta. Winifred ta fito daga mota da sauri. Success ya yi ta juya makullansa, ya gwada wannan ya gwada wancan, sannan ya dafe kai.

"Kash! Mai gidan ya tafi Kaduna da makullin. Sai wani satin."

A daidai lokacin ta ga ya saci kallon Albert, Albert kuma ya kawar da kai yana duba tayar mota. Ta koma mota ta zauna.

Na Jushi ya fi na Bomo muni. Injin niƙa ne a jikin bangon ɗakin kwana, kwata ta toshe a ƙofar gida, sai an taka bulo biyu kafin a shiga. Ta tsaya a tsakar gidan tana tunani. Ta yi shekara goma sha ɗaya da Albert, ta san mutum ne da ko takalmi zai saya wa yaro sai ya zaga shago biyar. Ta yaya zai yi wata uku a gari, ya bari a kawo matarsa irin wannan wuri?

"Saura ɗaya," in ji Albert. "Yana Basawa, kusa da bariki. Sau ɗaya na taɓa leƙa shi. Akwai tsaro sosai, kin san zaman kusa da sojoji."

Gidan Basawa kam gida ne. Ɗaki uku da falo, sabon fenti, rijiya da murfinta, fili a gaba inda yara za su yi wasa. Amma tun daga ƙofa abubuwa suka fara tsaya mata a rai. Success ya murɗa makulli ƙofar ta ƙi buɗuwa, sai Albert ya miƙa hannu ta bayansa, ya ɗaga ƙofar sama kaɗan ya tura da gwiwa, ta buɗe nan take. Mai shagon da ke kallon gidan, wata mata mai jiki, ta ɗago hannu.

"Oga Albert, yau da wuri haka?"

Ya amsa mata da kai kawai ya shige.

Winifred ta zaga ɗakunan tana buɗe tagogi. Ta tagar kicin ta hango bayan gidan. Akwai wani ɗaki a ware, da ƙofarsa a rufe da labule a taga. A kan igiya an shanya zanin atamfa da ɗankwali, ba su gama bushewa ba. Ga murhun gawayi a gefe, tokarsa sabuwa. Iska kuma ta kawo mata ƙanshin miyar kuka.

"Wa ke zaune a can?"

"Babu kowa, Madam," in ji Success da sauri. "Kayan mai gida ne a ciki."

"Kayan mai gida ne suka yi wanki?"

Albert ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Maƙwabta ne ke shigowa su yi shanya, tunda gidan ba kowa. Ya kika gani? Ni dai ina ganin wannan ya fi sauran nesa ba kusa ba."

"Ya fi su," ta ce. "Bari in kwana da tunanin."

A gidan Felix suka sauka, a rukunin gidajen ma'aikata a Samaru, inda Albert ya ce yana zaune tun zuwansa. Matar Felix, Hephzibah, ta tare ta da murna, ta yi mata tuwon masara da miyar taushe. Da Winifred ta shiga ɗakin baƙi ta ajiye jakarta, ta buɗe durowar kaya. Riga biyu ne kawai a ciki da wando ɗaya. Babban akwatin da ta shirya masa da hannunta ba ya ɗakin. Takalmansa na zuwa coci ba sa nan, haka ma bargon da ta saya masa.

Da yamma mazan suka fita gaida wani abokin aiki. Winifred ta zauna a kicin tana taya Hephzibah gyaran alayyahu.

"Mun ɗora muku nauyi, wata uku cur," ta ce.

"Haba, wane nauyi? Ai tun da ya koma can ma ba mu cika..." Hephzibah ta tsaya. Ta tashi ta buɗe tukunyar da ba komai a cikinta ta rufe. "Ina nufin, aiki ya yi masa yawa, ba ya zama."

"Ya koma ina?"

"Maman Marvellous, don Allah kar ki sa ni a tsakiya. Ki tambaye shi."

Ba ta tambaye shi ba. Ta san in ta tambaya zai ba ta amsa mai santsi, kuma zuwa safiya duk abin da ke bayan gidan nan an kwashe shi. Da ya dawo ta yi masa hirar yara, ta ce Brian ya fara karanta agogo. Ya yi murmushi, amma hankalinsa na kan waya. Sau biyu wayar ta yi ƙara ya fita waje ya amsa.

Washegari Asabar ya ce zai leƙa ofis na awa biyu, akwai irin da aka shuka sai an duba. Yana fita ta ɗauki jakarta.

Gidan mai gwaiba ta fara komawa. Ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ke jikinsa, wani dattijo da tabarau ya fito riƙe da jarida. Ta ce masa tana neman mai gidan nan na haya, an ce ya tafi Kaduna.

"Kaduna? Ni ne mai gidan, 'yata. Rabona da Kaduna tun Kirsimeti. Jiya ina nan zaune na ga mota ta tsaya ta tafi, ba wanda ya yi mini sallama."

Ya ɗauko makulli ya buɗe mata. Ɗaki huɗu ne, ɗaya yana jikin falo da banɗakinsa a ciki. Akwai famfo, akwai tanki. Ta karɓi lambarsa ta ce za ta kira shi kafin Litinin.

Ta hau keke napep zuwa Basawa. A hanya ta riƙa lissafa matan da ta san Albert ya sani a Zariya tun zamanin karatunsa. Ta tuna wata Peculiar da ya taɓa ambata, ta tuna yadda ya rame, ta ce a ranta wato gida biyu yake riƙewa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ƙarfin halin. Ya ajiye mace a ɗakin baya, sannan ya kawo matarsa da 'ya'yansa ya zuba a gaba?

Ta sauka a gaban shagon jiya ta sayi ruwan leda. Mai shagon ta gane ta.

"Ke ce Madam ɗin Oga Albert? Sannu o. Ni ce Nneoma, mijina soja ne a nan. Mijinki mutumin kirki ne, kullum safe da yamma yana nan."

"Tun yaushe ya kama gidan?"

"Ya kusa wata biyu. Ba ki sani ba?" Nneoma ta dube ta da kyau, murmushinta ya ragu. "Matar tana ciki yanzu, ban ga ta fita ba. Ki bi ta lungun nan, akwai ƙaramar ƙofa a baya."

Winifred ta bi lungun. Ƙaramar ƙofar a buɗe take. Ta tura ta shiga ba sallama.

Wata tsohuwa ce durƙushe a gaban murhu tana dama kunu, doguwa, da tsagar gado a kumatunta. Ta ɗago kai, ludayin ya tsaya a hannunta. Winifred ta san fuskar. Gwaggo Doguwa ce, ƙanwar mahaifin Albert, wadda rabonta da ita tun sunan Marvellous.

"Gwaggo? Me kike yi a nan?"

Tsohuwar ta miƙe a hankali tana goge hannu a zani. "Na ce masa ya gaya miki. Wallahi na ce masa. Shigo ki gani da idonki."

Ɗakin da duhu. A kan katifa a ƙasa, lulluɓe da bargon da ta saya wa mijinta, wani tsoho ne kwance, bakinsa ya karkace gefe ɗaya, hannunsa na dama a lanƙwashe kan ƙirji. Akwatin Albert na jingine a bango, ga tabarma a naɗe inda alama ta nuna wani ke kwana. Sai da ta ɗaga labule haske ya shigo ta tabbatar. Baba Barau ne, surukinta.

Shekara tara ba ta sa shi a ido ba. Lokacin Marvellous na da wata biyu sun kai ta ƙauye, a lokacin Baba yana kan addinin gargajiya. Ya faki idonta ya ɗura wa jaririyar wani jiƙon sassaƙe da ya ce kowane ɗan gidansu sai ya sha. Yarinyar ta yi kwana uku a asibiti tana amai, har likita ya fara yi musu maganar haƙuri. Ranar da aka sallame su Winifred ta rantse a gaban Albert cewa tsohon nan ba zai ƙara taɓa mata ɗa ba, kuma ba za su taɓa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Daga baya ta ji ya shiga coci an yi masa baftisma. Ba ta je ba, ba ta aika ba.

Tsohon ya juyo ido ya gan ta. Ya yi ƙoƙarin magana, sai miyau ya zubo ta gefen bakin.

Fushin da ta taho da shi na kishiya ne, yanzu ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Sai warin ɗakin ya daki hancinta, warin da ta sani a wurin aiki. Ta ajiye jaka ta durƙusa.

"Gwaggo, sau nawa kuke juya shi a rana?"

"Juyawa? Sai in za a yi masa wanka."

"Kama mini kafaɗarsa."

Suka mirgina shi. A ƙugunsa fata ta fara salewa, ta yi ja kamar faɗin tafin hannu. Winifred ta ja tsaki. Ta nemi ruwan ɗumi da gishiri da tsumma mai tsabta. Ta zazzage ledar magungunan da ke kan taga ta karanta ɗaya bayan ɗaya, ta ware guda biyu da aka daina ba shi saboda Gwaggo ba ta gane rubutun ba. A ƙarƙashin ledar ta ga wani ƙulli na garin magani a tsumma. Ta ɗaga shi sama.

"Wannan fa?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai. "Na shafawa ne kawai."

Winifred ta jefa shi cikin jakarta.

Tana cikin wanke ciwon ta ji ƙarar babur a lungu. Albert ya shigo da ledar burodi da ayaba. Ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Wannan ne ofis ɗin?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Wini..."

"Jira ni a waje. Ban gama ba."

Da ta gama ta wanke hannu ta same shi zaune a kan murfin rijiya. Ya fara bayani tun kafin ta iso. Sati uku da zuwansa Zariya aka kira shi daga ƙauye, Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya kawo shi asibiti, aka sallame su aka ce a riƙa dawo da shi gashin ƙashi duk sati. Ƙauye ya yi nisa, ba wanda zai iya. Ya ga gidan nan da ɗaki a ware da ƙofarsa daban, ya ce ga mafita. Ita da yara a gaba, Baba a baya, ba sai sun haɗu ba.

"Na san rantsuwar da kika yi. Na ji tsoron in na gaya miki za ki ce ba za ki zo Zariya ba gaba ɗaya."

"Sai ka haɗa baki da dillali a zaga da ni gidan injin niƙa."

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Ka sa aka ce dattijon Samaru ya tafi Kaduna. Ka sa Hephzibah tana ɓoye mini ido a kicin ɗinta. Mai shago ta san abin da ke cikin gidana, ni ban sani ba. Kuma yaushe ka yi niyyar gaya mini? Bayan na sauke kaya na sa yara a makaranta, in fito shanya in ci karo da shi?"

"Na yi niyyar in bari ki zauna tukuna."

"Ka san abin da na taho ina tunani a hanya? Na ɗauka mace ka ajiye."

Ya ɗago da sauri. "Haba, Wini! Ni?"

"Kar ka ce mini haba. Wanda ya iya shirya jiya, me zai gagare shi?"

Ta bar shi a nan ta koma ɗakin. Ta nuna wa Gwaggo yadda za ta riƙa juya tsohon duk bayan awa biyu, da yadda za ta sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Da za ta miƙe, Baba ya kama bakin zaninta da hannunsa mai lafiya. Ya yi ta kokawa da harshensa har kalma ɗaya ta fito.

"Ya...rinya?"

Ta gane wadda yake nufi. "Tana nan lafiya. Tana aji huɗu."

Ya saki zanin, hawaye na gangara zuwa kunnensa.

Ranar Lahadi bayan sujada ta kira dattijon Samaru a gaban Albert ta ce suna son gidan. Sannan ta juyo ta gaya wa mijinta yadda za a yi. Ba za ta zauna a Basawa ba, ko da gidan zinariya ne. Ya je ya sami Success su san yadda za su yi da gidan Basawan, tunda sun iya shiri. Baba kuma ba za a bar shi a ɗakin baya kamar kayan ajiya ba, ciwon ƙugun nan in ya zurfafa shi zai kashe shi kafin shanyewar jikin. Zai zauna a ɗakin da ke jikin falo inda za ta riƙa ganinsa kafin ta tafi aiki da bayan ta dawo. Gwaggo za ta zauna tare da shi, amma duk abin da zai shiga bakin wani a gidan, babba ko yaro, sai ya bi ta hannunta.

"Na gode," in ji Albert.

"Ba don kai na yi ba. Kuma maganarmu ni da kai ba ta ƙare ba."

Ta koma Jos ranar Litinin. Sati biyu in ya kira sai ta miƙa wa yara wayar. Kafin ta yarda ta ɗaure kaya sai da ta sa dattijon ya turo mata hoton takardar haya ta ga sunanta a jikin na Albert, ta kuma kira Hephzibah ta tambaye ta ko akwai sauran abin da ba ta sani ba. Hephzibah ta rantse babu.

A farkon Satumba motar kaya ta sauke su a Samaru ana yayyafi. An riga an kawo Baba da kwana ɗaya. Brian ya ruga bayan gida wajen gwaiba. Marvellous ta tsaya a falo tana leƙen ɗakin da ƙofarsa ke buɗe.

"Mama, wane ne wancan?"

"Kakanki ne. Je ki gaishe shi."

Yarinyar ta shiga a ɗarare ta durƙusa a gefen gadon. Winifred ta ajiye kwalin kwanukan da ke hannunta, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannu tana kallonsu har suka gama gaisawa.